Mai Ƙaho a Hanci

Can saman Nuwara Eliya, a tsaunukan Siri Lanka,
inda layin shayi na ƙarshe ya tsaya
daji ya ɗauka, baƙi ƙirin, yana ɗigar ruwa,
nan Valliammai ke sauke kwandonta da hantsi,
ta ɓamɓare matsattsaku daga idon sawu,
ta kurɓi ruwan zafi.

Nan suka saba.
In ka cire wutsiya, bai kai tafin hannunta ba.
Ƙaho ɗaya a kan hanci, fari,
kamar ƙwayar shinkafar da yaro ya manta bai goge ba.
Ba ta taɓa ganin ya soki kowa da shi ba.
Na matarsa guntu ne, da ƙyar ake lura.

Rana baƙuwa ce a wannan tudu,
ta leƙo, gajimare ya ja mata ƙofa.
Don haka ya koyi jinkiri.
Ya rungume kututture mai gansakuka,
kore a kan kore, har ido ya gaji ya wuce.
Sai tsutsa ta gifta,
ko ruwan dare ya koro tana daga ƙasa,
sannan ya sauko, taku ɗaya, tunani goma.
Yana taɓa busasshen ganye sai ya rine ja-ja-ja,
ya ɓace a gabanta tana kallo.

Wata shekara ta ga macen na tona rami,
ta zuba ƙwai huɗu, ta mayar da ƙasa,
ta tafi ba waiwaye.
Valliammai ta kafa tsinke a wurin
don kada ƙafar mai ɗibar itace ta bi ta kai.
Wata uku tana zagaye shi.

Yanzu hankaki sun hauro,
sun biyo ragowar abincin masu yawon buɗe ido.
Itatuwan bakin daji suna bushewa daga ka.
Mai auna ganye ya ce bana za a ƙara layi biyu.

Ta dubi kututturen. Ta ce da jikarta Thenmoli:
Dajin nan shi ne tulunmu,
daga gindinsa ruwan famfonku ke gangarowa,
wannan kuwa shi ke zaune a bakin tulun.
Duk mai ɗaga masa sanda, ya fara duba abin da zai fasa.

Yarinyar ba ta ji ba.
Ta ɗora ƙwayar shinkafa a hancinta,
ta tsaya cik,
tana jira ya fara ƙifta ido.