Roƙon Mai Fasa Dutse a Potosi

Ubangiji, ni ce dai, Severina,
mai zama a bakin rami na bakwai
da guduma da tsohon buhu a cinya,
ina fasa abin da maza suka zubar
ko ɗan kuza ya maƙale a ciki.
Ka san muryata. Ta dushe, amma ita ce.

Ruwan bokiti ya kwana ƙanƙara.
Yau ban zo da kyandir ba, kuɗin ya tafi a magani.
Sunaye na kawo maka.

Ga Nemesio, autana.
Yanzun nan ya wuce, fitila a goshi,
kumatu cike da ganyen koka,
bai ce uffan ba, gefen mayafina kawai ya taɓa.
Dutsen nan ya haɗiye ubansa
shekara goma sha tara ke nan,
ko takalmi ba a fito mini da shi ba.
Ka shige gabansa, Yesu.
Ramin ƙunci gare shi, sai an sunkuya,
amma kai sunkuyawa ba baƙuwarka ba ce.
Ka dafa itacen tokara inda ya fara ruɓewa.
In sun kunna nakiya ka tsare masa lissafi,
kada ya ƙirga bakwai ya koma
alhali takwas aka dasa.
Can ciki suna da gunki mai ƙaho, suna ba shi taba.
Na yi faɗa har na gaji. Tsoro ne, ka sani.
Kada ka yi fushi ka tsaya a bakin ƙofa,
ƙarƙashin ƙasa ma naka ne.

Ga Fermin, mijin 'yata.
Ƙurar dutse ta yi gini a ƙirjinsa.
Shekara arba'in da ɗaya,
matakala uku sai ya nemi wurin zama.
Likita ya ɗaga hoton a hasken taga,
fari fat, kamar an watsa gari,
ya ce mu sauka da shi kwari, inda iska ke da kauri.
Da wane kuɗi?
Kai da ka hura rai a hancin yumɓu,
ba na ce lallai ka ba shi sabon huhu ba.
A'a, na ce. Ka ba shi. Me zan ɓoye maka?
In kuwa ba haka ka nufa ba,
to dare ɗaya babu tari,
'yata ta runtsa.

Saura mai wuyar.
Damaso da Hilarion, cikinsu ɗaya, nono ɗaya,
wannan ya haƙo daga gabas, wancan daga yamma,
suka yi karo a kan jijiyar kuza
wadda faɗinta bai kai tafin hannuna ba.
Tun daga nan sallama ta mutu.
Ran Lahadi, da aka ce a ba juna hannun salama,
kowa ya duƙa yana duban takalminsa.
Gobe ƙungiya za ta zauna a kansu,
kuma na ji Hilarion ya wasa wuƙa.
Ka dakushe ta.
Ka tuna musu da bargon nan ja
da suka lulluɓa tare har suka yi gemu.

Ni ma ba zan wanke hannu ba.
Ni na kai wa matar Damaso abin da aka faɗa a famfo,
har na ƙara gishiri.
Ka gafarta. Miyar gyaɗa na kan wuta,
da yamma zan kai gida biyu,
ka riƙe mini harshe a hanya.

Ga jiniya ta yi kuka, an fara turo keken dutse.
Zan koma kan guduma.
Ban ce amin ba tukuna, Uba,
sai na ga fitilar yaron ta fito.