Tsinken Malam Ɗanjummai

Ran da Mudan ya samu karatu a Alƙahira
Iya ta aike ni wurin Malam Ɗanjummai
in tambayo mata nisan garin.
Malam ya sauko da taswirar aji shida,
wadda gara ta cinye mata teku guda,
ya karyo tsinken tsintsiya,
ya ɗora kansa a Kano, gindinsa a Masar.
Ya ce, kai mata wannan.
Kilomita dubu uku ne da ɗoriya,
amma a jirgi awa huɗu, ko da 'yan kai.

Iya ta juya tsinken a tafin hannu.
Ta ce, ashe daga hantsi zuwa azahar ne.
Ai kasuwar Auyo ta fi haka cin rana.
Ta soke shi a bakin faifai
ta rataye saman gadonta.

Shekara uku yana nan.
In jirgi ya ja farin zare can ƙololuwa
sai ta tsai da shiƙa,
ta kare ido da hannu,
ƙaiƙayi na sauka mata a ka,
har zaren ya warware.

Daminar bana kogi ya yi fushi.
Ya ci shinkafar fadama, ya ci gada,
ya zo ya kwanta a bayan makaranta.
Ran Laraba Iya ta kasa tashi.
Na hau tudun da waya ke kamawa,
na ce, Mudan, in da hali.
Ban ƙara komai ba, shi ma bai tambaya ba.
Abokan karatunsa suka haɗa kuɗin tikiti.

Ya tashi cikin dare, ya sauka Kano da asuba.
Malam bai yi ƙarya ba.

A tasha mota ta ƙi cika.
Da ta cika, taya ta fashe kafin Gujungu.
Daga nan babur, har inda kwalta ta nutse.
Daga nan ƙafa.
A mafita, mai kwalekwale ya dubi ruwa ya dubi sama,
ya ce ko ubansa ne ba ya fito da shi
sai iska ta kwanta.

Iya ta cika ana kiran sallar Juma'a.
Muka jira.
Liman ya dubi hadari, ya dube ni,
ya ce, Sale, ƙasa na shan ruwa,
in an jima ba inda za a haƙa.

Da muka ɗauko makara ta kan tudu
na hango farar riga a wancan hayi,
hannu ɗaya a sama.
Tsakaninmu jifa biyu, ko uku.
Malam Ɗanjummai na gefena, yana kallon ƙasa.
Ban tambaye shi kilomita nawa ne ba.

Bayan magariba Mudan ya shigo,
takalmi a hannu, wando jiƙe har cinya,
da mayafi shuɗi cikin leda
da maganin gwiwa da ta daɗe tana cigiya.
Ya zauna bakin gadon.
Na miƙa hannu na sauko da faifan.
Ya zare tsinken, ya auna da yatsa,
bai kai taƙi guda ba.
Ya ce, Yaya, wannan fa?
Waje kwaɗi sun fara.