Ruwan Soɓo a Ajin Kimiyya

Ɗakin gwajinmu kwaɗo ke gadinsa,
shekara shida, mabuɗin ma ya ɓata.
Ta taga nake leƙen kwalabe,
gizo-gizo ya naɗa musu rawani,
ƙadangare ke ba da darasi bisa teburi.

Ni kuwa alli ne jarina.
Na zana wuta, ba ta ƙona kowa ba,
na zana ruwa, allo bai jiƙe ba.
Ɗalibi tamanin da bakwai suna kwafa,
suna haddar abin da ido bai gani ba,
koyon iyo a kan tabarma.

Sai na zama ɗan dare.
In sha biyu ta buga, kuɗin rezo ya sauka,
in haye katangar gidanmu a Bagalam,
salula sama, kamar mai roƙon ruwa,
ina jiran layi uku su cika.
Jika guda ta tafi daga albashi.
Uwar Lawisa daga ɗaka:
"Mushe, sauro ya ci rabonsa, sauko."

Na sauko da wata mata mai farar riga,
can wata ƙasa da ban san sunan garinta ba,
tana tafasa jan kabeji,
ta ɗiga wani abu, ruwan ya sāke kama.
Minti huɗu ne duka.

Da safe wayar ta zaga benci-benci,
kai goma bisa tsagaggen gilashi
da bai kai tafin hannu ba.
Kafin layin baya, batir ya cika,
kuran kuwa tun jiya ba ta dawo ba.
Tsahiru ya ce, "Mushe, mu labari muka samu.
Kuma ina jan kabeji a Maraɗi?
Ko a Jiratawa fari ake nomawa."
Aka yi dariya. Na haɗiye tawa amsar,
don gaskiya ya faɗa.

Barira ce, wadda tun Oktoba
ban ji kalar muryarta ba,
ta ce da teburinta, ba da ni ba:
"Kakata in kanwa ta taɓa soɓonta
ruwan yakan ɓaci, ta yini tana faɗa."

Washegari ga bido cike da soɓo,
lemun tsami uku, kanwa a ƙullin leda,
toka daga murhun wata uwa,
kofuna bakwai aron mai shayin bakin ƙofa
da sharaɗin a maido kafin azahar.

Na matsa lemu: ja ya ƙara ja,
garwashi a cikin kofi.
Barira ta saki kanwa, hannunta na rawa.
Ja ya yi jinkiri, ya yi duhu,
ya koma kore, koren gansakukar Gulbi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a lise ba.
Sai Tsahiru, a tsaye bisa benci:
"A gwada sabulu! A gwada ruwan rijiyarmu!"
Na rubuta sunayen bisa allo daga baya,
yau allo ne ya biyo sawun ido.

Daren nan ma na hau katanga,
amma ba ɗiba na je ba.
Hoton kofuna bakwai nake tura wa
abokina mai koyarwa a Dakwaro,
shi ma kwaɗo ke gadin nasa ɗakin.
Layi ɗaya ne tak. Ina jira.
Yatsuna har yanzu ja.