Taku Goma Sha Ɗaya

A kan kilo na saye shi.
Ƙarfe ne kawai, in ji Tsahiru dillali,
yanka za ka yi, ka fid da ƙofofi da murhu.
Tirela ta shigo da shi ta Ɗan Isa,
ta sauke shi bayan garejina a Bagalam,
ƙafafunsa huɗu suka nutse cikin rairayi
kamar saniyar da ta ƙi tashi ƙarshen rani.

Tarago a Maraɗi,
garin da bai taɓa jin kukan jirgi ba.

Ranar Talata na kunna wutar yanka.
Na ce bari dai in leƙa cikinsa tukuna.
Ƙofar ta ƙi, sai da guduma ta yi mata magana.
Duhu, warin jemage,
ga kuma, a tsagin katakon ƙasa,
ɓawon gyaɗa guda ɗaya, ya yi baƙi,
ba nauyi, kamar fiffiken fara.

Ubana Nomau ɗan dako ne.
Shekara goma sha tara buhu na wuyansa,
yana loda kamiyon gyaɗa mai tafiya Kano.
Yakan ce, can jirgi ke karɓa
ya kai ta har bakin teku.
Bai taɓa ganin jirgin ba.
Da muka yi masa wanka, wuyan bai miƙe ba.

Na kashe wutar.

Tsatsa ba ta gaggawa, ni ma na daina.
Wata huɗu ina kankara,
in na yi tari ja nake tofarwa.
Rina sun yi gida a akwatin giris,
sun karɓi kuɗin hayarsu a fatar idona.
Ƙusoshi sittin da uku na kwance, tara suka karye,
kowace sai da na roƙe ta da baƙin mai kwana biyu.
Ƙarƙashin tokar fenti na tarar da wani fenti,
ja mai duhu, kalar goron da aka tauna,
shi na bi kasuwa ina nema.
Lambarsa saura uku, ta huɗun ta goge.
Ban ƙirƙira masa wata ba.

Cima ta ce, kuɗin gero ka shafa wa ƙarfe,
ana ta kai, wa yake ta kaya?
Ban tanka ba, gaskiya ce ta faɗa.
Amma ranar da ƙofar ta sake cijewa
ita ta fito da ludayin man gyaɗa
ta tsiyaya a bakin ƙarfen,
ta ce, da ma abincinsa ne,
ta koma wurin tukunyarta.

Dogo biyu na samo, guntaye,
na shimfiɗa su bisa azarar giginya,
na auna da igiya, na sake aunawa.
Daga bishiyar bedi zuwa bangon maƙwabci,
nan layin ya fara, nan ya ƙare.

Bayan la'asar na ɗauko buhu guda,
a wuya, ba a amalanke ba,
na dire shi a ciki.
Mu takwas muka sa kafaɗa.
Shiru. Sai wani nishi daga ƙasa,
irin na tsoho zai miƙe daga tabarma,
sai ƙafa ta juya.
Taku goma sha ɗaya ya yi.
Yara suka yi masa kukan jirgi da baki,
wanda suka koya a waya.

Tsahiru ya dafa bango yana dariya,
to Malam, ina za shi?

Na ce, gobe za mu turo shi ya dawo.

Ɓawon nan na mayar tsaginsa.
Katakon wurin ne kaɗai ban sauya ba,
kuma in za ka shiga, ka tsallake.