Digiri Uku Da Suka Ɓace

Na gina ɗakin haihuwa na Domayo sau goma sha tara,
ban taɓa laka ba, ban ɗaga bulo ko ɗaya ba.
A cikin kwamfuta nake ginin,
kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke tsaye bisa murfin kwalba.

Na ba ta kaurin bango, taƙi ɗaya da yatsu huɗu.
Na ba ta kwanon rufi, na ce mata ya yi tsatsa ta gabas.
Na ba ta ranar Marwa ta shekara guda, awa bayan awa,
har da Afrilu, watan da Mayo Kaliyawo ke komawa rairayi zalla.
Gado takwas, masu jego takwas, ungozoma biyu.
Kowane jiki ƙaramin murhu ne, in ji lissafi,
jinjirin da bai kwana uku ba ma yana da nasa garwashin.

Na danna, na jira.
Fankar cikinta ta yi nishi kamar ita ke naƙuda.
Ta ce: ƙarfe huɗu na yamma, digiri arba'in da ɗaya.
Ta ce: a sayo na'urar sanyi biyu, manya.
Ba ta san wutar unguwar nan baƙuwa ce ba,
ta shigo ba sallama, ta fice ba ban kwana.
Ba ta san kuɗin man janareta
daga aljihun mai sabon ɗa yake fita ba.

Na ɗauki ma'aunin zafi na tafi da ƙafata,
na rataye shi a ƙusa saman gado na biyar.
Talatin da takwas.
Washegari, talatin da takwas.
Digiri uku sun ɓace tsakanin allo da ɗaki.
Na zargi lissafina. Na zargi ma'aunin, na aro wani.
Na tuna dalbejiyar tsakar gida, ashe tuni na dasa ta a allon.
Asta ungozoma ta dube ni tana wanke hannu:
"'Yar nan, ke da rana kike zuwa,
zafi kuwa da dare ake sallamarsa."

Sai na kwana.

Sha ɗaya ta gota, ga Baba Barkindo mai gadi
da doguwar gora mai ƙugiya a kai,
yana bin ƙananan tagogin can dab da rufi,
waɗanda takardar gini ta ce a toshe suke,
yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ko jariri bai motsa ba.
Iska ta gangaro daga dutse, ta ratsa,
bango ya amayar da abin da ya sha tun hantsi.
Kafin assalatu ya sake zagayawa ya rufe,
ya yayyafa buta biyu a dandamalin yamma,
ya kulle sanyin a ciki kamar mai ɗaure akuya.

Na ce, Baba, wa ya sa ka?
Ya ce, "Uwar 'ya'yana a gadon can ta haihu.
Na ga yadda zaninta ya jiƙe sharkaf. Shi ke nan."

Na koma teburina, na buɗe gini na ashirin.
Kwamfuta ba ta da gurbin tsoho, ba ta da gurbin gora.
Abin da ta sani: taga, buɗe ko rufe,
daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza.
Na cike. Na danna.
Talatin da takwas da ɗigo biyu.

A rahoton da zan aika Yawunde
na soke na'ura ɗaya,
na nemi silin, da farin fenti a bayan kwano,
da albashin mai gadi na biyu,
don Baba ya fara tari, gorar kuma ta fara yi masa nauyi.

Layin jadawalin tagar nan kuwa,
wanda aka saba raɗa wa lamba,
sunansa na rubuta a kai.