Mai Sayar da Inuwa

A Écija rana ba fitowa take ba, faɗowa take yi,
ta zauna daram a kan rufin kowa kamar mai bin bashi.
Ni ne Eulogio. Inuwa nake sayarwa,
kamu-kamu, yadda ake yankan yadi.

Ubana da ciyawar tudu ya saƙa tasa,
esparto, mai tsaga tafin hannu:
asabari mai kauri, a rataya shi ta waje,
a yayyafa masa ruwa da la'asar,
iska ta ratso shi, ta shigo ɗaki a sanyaye
tana ƙanshin gona bayan ruwan fari.
Ni na ƙara da na katako, siraran filankai
masu koren fenti, igiya ɗaya ke naɗe su.
Ɗana Fermín na alminiyam yake kafawa,
a danna maɓalli, su sauko da kansu suna gurnani.
Ya ce zamani ne. Na ce to,
ran da aka ɗauke wuta sai ka danna zamanin.

Layinmu littafi ne, kuma na iya karatunsa.
Rumfar tamfol mai ratsin ja ta mai burodi,
in ta miƙe, bakwai ta yi.
Kyauren ƙarfe na kantin magani
kururuwa biyu yake yi a yini.
Tagogin lauya masu fikafikan katako
rabi a buɗe, rabi a rufe, kamar maganarsa.
In Yuli ya kama, a shimfiɗa farin ƙyalle
daga soro zuwa soro bisa titin kasuwa,
mu yi ta kai-kawo a ƙasa kamar kifi a gindin jirgi.

Sai taga ta uku, hawa na biyu, gida mai shuɗiyar ƙofa.
Casilda.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan da na rataya mata koren asabarin,
ranar da ta ce mini a'a,
ta ƙirga mini kuɗina cif, ko sisi ba ta rage ba.
Kullum in ƙararrawar coci ta buga takwas na yamma
sai ya naɗe sama, gwiwar hannunta ta bayyana,
ta shayar da furenta, ba ta dubi shagona ba.
Ni ma ba dubawa nake ba. Agogona nake saitawa.

Litinin bai ɗaga ba.
Talata bai ɗaga ba.
A garin nan mun san fassarar tagar da ta kwana biyu a rufe;
haka aka gano Anselmo mai gyaran takalma, bara,
sai da ƙudaje suka riga mu.

Laraba na jingina tsani, gwiwoyina suna tsine mini.
Matakala goma sha huɗu, kowacce na kira mata waliyyi.
Na ɗaga gefen katakon da yatsa biyu,
numfashina a maƙale.

Tana zaune cikin duhu, da mafici a hannu, da fushi a fuska.
"Igiyarka ce ta tsinke," in ji ta.
"Aikin banza. Ko shekara hamsin bai yi ba."

Na ce, me ya hana ki aiko?
Ta ce, "In aika, ka ce nemanka nake?"

Na zare ruɓaɓɓiyar, na zura sabuwa.
Hannun nan ya san ƙulli bakwai.
Na zaɓi wanda ba ya wuce wata guda.

Ubanta mai alfadarai ne, ta san ƙulli tun tana rarrafe.
Ta dubi nawa. Ta daɗe tana dubansa.
Haske ya shigo a yanyanke, sirara-sirara,
ya kwanta a kan tebur, a kan kofuna biyu.

"Kofin ya huce," ta ce.
"Amma ka zagayo ta ƙofa, kamar mutum."