Abin da Roka Ta Yar

Haske ya riga ƙara isowa.
Serikbai ya riƙe akalar raƙuminsa mai tozo biyu,
yana kallon wutar Baikonur tana hawa.

Jikarsa Tolganai ce ta taɓa warware masa:
"Ba iska take takawa ba, Kaka,
can sama babu matakala.
Kananzir ke gamuwa da iskar shaƙa a cikinta,
su kama da wuta,
tururin ya matse ta siririn maƙogwaro, ya fice a guje.
Gwargwadon turin da ta yi masa ƙasa,
haka yake rama mata sama."

Ya shafa kafaɗa. Ya san naushin bindiga.

"Tana ƙona nauyinta, gudu na ƙaruwa.
Tankin da ya ƙare, sai ta sake shi."

Wannan kam ya sani.
Da ɓallin da ya faɗo bara
ya ƙera wa tumaki kwamin ruwa.

Shekara uku ke nan da tafiyarta karatu.
Tsohuwar rigar sanyinta na nan a ƙusa.
Bai ji haushi ba.
Ya dai ɗaga kai har wuya ya gaji.